Mutumin da Ya Yi Mini Ƙarya Wata Goma Sha Huɗu

Ranar Alhamis, 14 ga watan Nuwamba 2024, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Chaibou Illiya a gidansa da ke tsohon gari, nan Agadez. Ya yi alwala, ya ce wa iyalinsa kansa na sarawa, ya kishingiɗa a tabarma, shi ke nan. Shekarunsa sittin da bakwai. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowannenmu zai koma.

Mutanen gari sun san ka da teburinka na rubuta wa jama'a wasiƙa, Malam, inda ka shekara talatin kana mayar da damuwar talaka zuwa Faransanci. Wasu za su faɗi wannan fiye da ni. Ni Issouf, tsohon direba, maƙwabcinka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Mun rabu da kai ina fushi. Kwana arba'in da biyar ban taka gidanka ba, ka aiko sau biyu ban amsa ba, kuma ka tafi ban nemi gafararka ba. Wannan abu ya hana ni sakat tun ranar da aka kawo mini labari.

Bari in faɗi yadda aka yi, don wanda bai sani ba.

Sama da shekara biyu da suka wuce kamiyona, babbar motar da nake tuƙawa, ya kife da lodin albasa a gangaren hanyar Tabelot. Na rayu, amma an yanke mini ƙafar hagu daga gwiwa. Da aka sallamo ni daga likita na shiga ɗaki na ja labule, na ce kada a bar kowa ya shigo. Sandunan da aka ba ni na jingine su bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi saƙa a kansu. Matata Kadidia ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa, duk a banza. Mutumin da ya saba ratsa hamadar Tenere bai ga abin da zai fita ya yi a lungu da ƙafa ɗaya ba. Wata takwas ina haka.

Sai wata rana da la'asar ka ɗaga labulen ba sallama biyu, ka zauna a bakin gadona, ka ciro wata 'yar na'ura baƙa daga aljihu, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba, gilashinta ya tsage a kusurwa. Ka ce wani matafiyi da ya dawo daga Libiya ne ya bar maka ita tukwici, akwai wasa a ciki, amma hannunka na rawa ba ka iya danna ta.

Ka ce, “Ni ina da Faransanci ba ni da yatsu, kai kana da yatsu ba ka da Faransanci. Taimaka wa tsoho, direba.”

Na ce ni ba yaro ba ne. Ka ce ai kai ma haka, ka kunna ta ka ɗora mini a cinya.

Wasan labarin wani birni ne da aka gina a ƙarƙashin wata babbar madatsa, ruwa na neman cinye shi. Sunayen mutanen ciki sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Jarumin da nake juyawa muka ce masa Dogo, mai gadin gada ne, da takobi. Amininsa mai kula da ƙofofin madatsar muka ce masa Gajere, mutum mai barkwanci da son cin abinci, wanda ke bin Dogo ko'ina yana ba shi magani in ya ji rauni. Aikinsu su tattaro makullan ƙofofi biyar daga hannun waɗanda suka sace su kafin damina ta faɗi. Mu da muka san abin da ƙoramar Telwa ke yi wa gidajen ƙasa in ta cika ta tumbatsa, ba mu ɗauki zancen da wasa ba.

Faɗan ciki ya yi mini daɗi tun ranar farko, ba zan ɓoye ba. Maɓalli ɗaya na sara, ɗaya na mirginawa ka kauce, ɗaya na kiran Gajere. Ba ƙarfi ake so ba, lura ake so: ka jira abokin gaba ya ɗaga hannu, ka kauce, ka sare shi ta baya. Duk wanda ya taɓa tuƙi a yashi ya san wannan haƙurin. Ana tsintar duwatsu masu launi a kai wa maƙeri ya dasa a ƙotar takobi, ja ya ba da wuta, shuɗi ya ba da sanyi, kuma in Dogo ya yi faɗa da yawa ƙarfinsa na ƙaruwa. Kai kuwa kana gefe da tabarau a kan hanci, kana karanta maganar kowa da muryarsa. Gajere ka ba shi muryar wani mahauci da muka sani a kasuwa. Ranar na yi dariyar da na manta rabon da in yi, har Kadidia ta leƙo a tsorace.

Ba ka taɓa raga wa wasan nan ba, Malam. Ka ce idon da wasan ke nuna mana wuri da shi na da taurin kai, da zarar an shiga lungu sai ya juya yana nuna mana bango, ana dukan Dogo ba ma gani. Ka ce waɗanda suka yi shi malalata ne, dila ɗaya suka zana cikin abokan gaba suka yi ta sake masa fenti, yau ja gobe kore. Aike-aiken da mutanen birnin ke ba Dogo sun fi ba ka haushi: ruwa na shirin cin gari, wata tsohuwa na cewa a nemo mata kazarta. Ga surutun sarakunan ciki da ba a iya tsallakewa, ko ka ji shi sau goma. Ga kuma wurin ajiye ci gaba da ba a samu sai a bakin rijiya, rijiyoyin kuwa nesa da juna, ga batir ya tsufa, ga wuta ana ɗaukewa. Sau nawa muka kashe wani ƙaton dodo da gumin goshi, na'urar ta mutu kafin mu kai rijiya! Kai ka yi salati, ni in yi abin da ba salati ba.

Taswirar wasan ma ba ta da kirki, ba ta nuna inda aka riga aka bi. Ka kawo littafi da biro ka ce in riƙa rubuta sunayen wuraren da hannuna, tun da naka na rawa. Na ce ban iya ba. Ka ce to yau za a fara. Da “rijiya” da “gada” da “kasuwar maƙera” na koyi baƙaƙen boko, ina da shekara arba'in da shida. Rubutun nan da ake karantawa yanzu daga littafin nan ya fito.

Bayan wata huɗu muka kai ƙarshe. Mun tara makullai biyar, amma ƙofa ta ƙarshe ta ƙi rufuwa sai da mutum a ciki. Gajere ya tura Dogo waje ya ja ƙofar. Ruwa ya ci shi, ya kuma ci rabin birnin. Na ajiye na'urar, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka cire tabarau ka ce, “Wataƙila mun yi kuskure a wani wuri. Akwai inda aka tambaye mu muka zaɓi amsa. Mu sake daga farko, mu tsirar da shi.”

Amma ka kafa sharaɗi. Ka ce idonka ba ya gani a ɗakin nan mai duhu, sai dai tsakar gida. Na fito da jan gindi. Bayan sati biyu ka ce hayaƙin murhu na damunka, sai zaure. Na ɗauko sandunan. Daga zaure muka koma dakalin ƙofar gida, inda masu wucewa ke gaishe ni ina amsawa da ƙyar. A zagaye na biyu muka canza kowace amsa, muka nemo wa tsohuwa kazarta, Gajere ya sake mutuwa. A na uku ka ce gwiwarka ta hana ka fita, in ina son karatu sai in same ka gida. Gidanka na ƙarshen lungu, taku ɗari da wani abu. Ranar farko sau uku na tsaya ina haki. Kafin wata biyu ina zuwa masallaci, kafin huɗu ka haɗa ni da Lawali na tasha, ya ba ni aikin rubuta sunayen fasinjoji.

Ana cikin zagaye na uku maɓallin mirginawa ya maƙale. Na kai wa Saidou mai gyaran salula a kasuwa. Ya kunna, ya ga wasan, ya ce ya san shi. Na ce masa muna neman yadda za a tsirar da Gajere, ko ya san hanya. Ya dube ni kamar mai jin tausayi. Ya ce ba a tsirar da shi. Wannan wasan share fage ne, an yi shi don a ba da labarin abin da ya faru kafin wani babban wasa da ya riga shi fitowa da shekaru, kuma a wancan, birnin kufai ne a ƙarƙashin ruwa, Dogo tsoho ne mai zaman kaɗaici. Duk amsar da ka zaɓa, wuri ɗaya take kai ka. Ya ce wannan ne babban aibin da kowa ke faɗa a kansa, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a shafin farko, duk mai jin Faransanci zai gani.

Shafin nan ka karanta mini shi sau uku, Malam. Kullum cewa kake yi gaisuwa ce ga mai wasa.

Daga kasuwa ban tsaya ko'ina ba sai ƙofarka. Na faɗa maka maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Na ce ka mai da ni yaron goye, ka yi wasa da hankalin gurgu wata goma sha huɗu saboda ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Na dangwarar da na'urar a gabanka. Ba ka ce komai ba sai, “Zauna ka sha ruwa, Issouf.” Ban zauna ba. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Fushin bai kai sati ba ya huce, girman kai ne ya ɗauki sauran kwanakin. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa zan je. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

A maƙabarta, da liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka amsa baki ɗaya. Ni na buɗe baki na kasa, don ni ne mai neman a yafe wa, wanda zai amsa mini kuwa ana zuba masa ƙasa.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida na durƙusa gaban matarka, Inna Ramata. Na ce mata ina da tambaya ɗaya, ta faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci: ya tafi da ni a zuciya?

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, “Wane irin riƙo, ɗan nan? Ranar da ka zo ka yi mishi faɗa, da ka fita, ƙofa ya tsaya yana kallonka har ka sha kwana. Ya shigo yana dariya har da hawaye. Ya ce, Ramata, kin ga saurin da yake yi? Tun daga kasuwa ya tako da ƙafarshi don ya zage ni. Alhamdu lillahi, aikina ya yi.”

Na kifa kaina a tabarmar da kake zama, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke mini ƙafa.

Ya Allah, bawanKa Chaibou ya zo gare Ka. In an rubuta masa ƙaryar nan, ni wanda aka yi wa ita na shaida magani ce, na yafe duniya da lahira, Ka shafe ta Ka rubuta masa ladanta. Ka yafe mini abin da harshena ya faɗa masa. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ramata, da 'ya'yansa Zakari da Souwaiba da Jamila, da jikoki, da dukan mutanen lungunmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.