Jan Ƙwan da Yaya Ya Cire

Shekara ashirin da shida Injiniya ya yi yana wayarin mota a gareji. Ba wata makaranta da ta ba shi sunan, abokan aikinsa ne suka laƙaba masa don tsiya, ya bi shi har gida. Matarsa kuwa Mai Niƙa ake ce mata, saboda injin da ke rumfar ƙofar gidansu. Da injin nan ta yi rainon 'ya'ya uku har kowa ya kama gabansa.

Wuta a unguwarsu sai an ga dama. Da ciwon suga ya kama shi, aka ce allurarsa ba ta son zafi, sai ya dawo wata rana da tsohuwar altaneta a buhu, wato abin nan da ke cajin batirin mota. Ya ɗaure ta da noti a gefen injin niƙa, ya ƙara bel guda, ya ja waya zuwa batir biyu na babbar mota. Tana niƙa, batir na cika. Da shi ƙaramin firji ke aiki, da fanka ɗaya a ɗaki. Mata masu kawo niƙa suka samu na yi, wai kowa cefane mijinta ke kawo mata, ita nata tsohon ƙarfe.

A jikin wani ɗan katako ya kafa makunni da jan ƙwan fitila, bai fi kan yatsa ba. In ta kunna makunnin, sai ƙwan ya kama, in inji ya tashi sai ƙwan ya mutu. Iyakar abin da ya koya mata ke nan. Ta taɓa tambayarsa amfanin ƙwan, ya ce maigadi ne, ya yi dariya. Ba ta sake tambaya ba.

Shekara bakwai ana haka, sai ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Ita ke juya shi, ita ke yi masa allura, tsakanin kwanon wannan da bokitin waccan. Ba ta yi kuka ba. Ba ta samu lokaci ba.

Sai ga Yaya, wansa, tsohon ma'aikacin ofis mai sola a rufin gida, mutumin da bai taɓa riƙe filaya ba amma ya san komai. Tun farko yake son a mayar da ƙanensa gidansa, ita kuma ta ce mijinta a ɗakinsa zai yi jinya. Wata safiya ya zo dubiya, ya tarar ta kunna makunni ta shiga ɗauko mai. Ya ga jan ƙwan yana ci da rana tsaka, ya ce wannan ai almubazzaranci ne, ya murɗe shi ya jefa a aljihu. Da ta fito ya gaya mata ya rage wa batir nauyi. Har godiya ta yi masa.

Kwana biyu fanka ta fara jan ƙafa. A na huɗu firji ya yi shiru. Ta ƙara wa bel ƙarfi, ta goge kan batir, ta ƙara masa ruwa, ba abin da ya canza. Ta riƙa sayen ƙanƙara tana naɗe allurar a tsumma. Kullum in ta fito da shi kan kujera shan iska, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna rumfar niƙa, yana wani gurnani. Ta ɗauka ƙarar injin ce ta dame shi, sai ta juya masa kujera ya fuskanci bango.

Yaya ya ce zuwa ƙarshen mako in firji bai tashi ba, zai zo da mota. Ya kuwa zo. Aka ɗauki Injiniya da katifarsa, yana ta nuna rumfar har suka sha kwana. Ita ta koma ta ƙarasa niƙan da ta bari.

Bayan kwana goma sha ɗaya, Mai Batir, tsohon abokin aikinsa na gareji, ya zo gaishe shi, bai san an ɗauke shi ba. Ya tsaya a rumfa ya dubi katakon, ya ce, "Matar Injiniya, ina ƙwan nan?"

Ta ce Yaya ya cire, wai yana shan batir.

Mai Batir ya ce ta cikin ƙwan nan 'yar wuta ke bi ta tashi altaneta daga barci. In babu shi, a wannan gudun na injin niƙa, sai dai ta yi ta juyawa a banza. Ya kwance ƙwai daga babur ɗinsa ya murɗa. Ta kunna, ya kama. Ta tayar da inji, ƙwan ya mutu. Kafin la'asar firji na gunji.

Washegari ta je gidan Yaya ta faɗa masa, ba ta ɗaga murya ba. Ya ce to ai shi bai sani ba, kuma wa ke haɗa wutar gida da ƙwan wasan yara? Mara lafiya kuma ba buhun hatsi ba ne da za a yi ta yawo da shi, ya zauna ke nan. Haƙuri ma bai ba ta ba. Matarsa ce ta lalubo ƙwan a kwanon maɓallai, ta ce a aljihun riga ta tsince shi wajen wanki.

Mai Niƙa ta shiga ɗakin da aka ajiye mijinta. Fanka biyu, ga labule sabo. Ta buɗe hannunsa mai lafiya ta sa ƙwan a ciki.

"Malam, maigadinka ne. Na gane abin da kake nunawa."

Ya dubi ƙwan, ya dube ta, ya rufe hannun. Ta gyara masa matashi ta fito, don akwai masu jiranta.

Har yau injin na caji. Firjin ruwa take sawa a ciki. Fankar ɗakin kuwa ta kashe ta, tunda ba mai kwana a ƙarƙashinta, ita a rumfa take yini.