Waƙar da Ban Rubuta ba a Argungu

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Badariya ta Birnin Kebbi, ni da wani maƙwabcina, ina rungume da jakar takarda da tawada. Wani tsohon aminina ne a Argungu, mawaƙin noma, muryarsa ta fara shaƙewa. Iyalinsa suka aiko in zo in rubuta waƙoƙinsa da ajami, don suna tsoron kada su tafi tare da muryar.

Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama kuwa ya ragu, buhun albasa ne ya yi mini matashi. Shinkafa ta yi kore shar a fadamar Zauro, na yi ta tasbihi har rami ya haɗa kaina da rufin mota.

An tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar kifi. Sai dai tsohon ya ce ba a rubuta komai, waƙa ba ta zama a takarda. Ɗan amshinsa ma, wanda ya yi furfura a bayansa, bai taɓa barinsa ya ja baiti ɗaya ba.

Bayan azahar babban ɗan tsohon, malamin gona da aka taɓa turawa Japan koyon noman shinkafa, ya kunna mana wani wasan dandamali na can a wayarsa. Waƙa ce da rawa da takubba. Ya ce an daɗe ƙwarai ana yinsa, har waɗanda suka kalla suna yara yanzu suna kai 'ya'yansu.

A nan kaina ya ɗaure. Jarumin yana shan sara, amma maimakon ya nemi magani sai ya kama waƙa. Da aka nuna mana na wasu shekarun, tufafin nan ne, sunan nan ne, fuskar kuwa daban. Na tambaya ko na farkon ya rasu, aka ce yana nan lafiya lau. Ko wannan ɗansa ne? A'a. Ko ƙwace masa aka yi? Shi ma a'a. Wai in ɗan wasa ya yi wasu shekaru sai a yi masa biki kamar saukar karatu, ya sunkuya wa jama'a, ya bar wa wani. Sau uku ina tambaya, har maƙwabcina ya ce in bar yaro ya huta.

Tsohon dai sai ya sa aka maimaita masa wurin sunkuyawar, sannan ya tambayi ɗansa.

"Shi wanda yas sauka, ina yaka zama?"

"Wani lokaci cikin 'yan kallo, Baba. Yana jin waƙarsa a bakin wani."

Sai tsohon ya juya ga ɗan amshinsa ya ce, "Ja muna ta hwarko. Yau ni ka amshi." Mutumin ya fara, tsohon yana karɓa masa a hankali, yana gyara masa da kai.

Na iso Birnin Kebbi kafin magariba da takarduna fari fat. Uwargida ta tambayi abin da na rubuto, na ce Allah bai nufa ba. Har yau ban gane wasan Japanawan nan ba, amma na ga waƙa ta sauya maƙogwaro mai ita yana raye yana ji. Alhamdu lillahi.