Babin da Na Karanta a Gaban Inna

Littattafan soyayya na kasuwar Gummi su suka raine ni. A cikinsu, da ango ya shiga ɗakin amarya sai a ja layi, a ce washegari. Da na fara rubuta nawa, na ƙudurta ba zan yi wa masoyan cikin labarina wannan rowar ba, bayan na sa su jiran juna babi goma sha ɗaya.

Sai dai a gidanmu na Bukkuyum ba a karanta labarina a ɓoye. Duk babin da na gama, ni nake karanta shi bayan la'asar, mata suna ɓarar gyaɗa. Akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, mai koya wa matan unguwa fikihu. Akwai kuma Inna, wadda ni ce 'yarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa. Abin da bakina ba zai iya furtawa a gabanta ba, rubuta shi ɓata takarda ne.

Ƙarshe dai hanyar littattafan kasuwa na bi. Ina cewa "washegari", Gwaggo ta watsar da ɓawon da ke hannunta.

"Ke ɗiyar nan! Mun biyo ki tun daga Anka, inda labarin ya faro, har bakin ɗaki, sannan ki rufe muna ƙofa? Mi anka yi ciki?"

Aka kwashe da dariya. Inna ta sunkuyar da kai.

Na koma na rubuta komai dalla-dalla, shafi uku. Da na gwada karantawa ni kaɗai, na kasa furta shi. Kuma mutanen da ke shafin ba nawa ba ne, kowa ma zai iya zama su. Na yayyage.

Mafita ta zo mini ranar da na ji Gwaggo tana yi wa ɗalibanta bayanin wankan janaba, fuska a sake. Sai na tuna makon farko na aurena, yadda nake sanɗa zuwa rijiya kada uwar mijina ta ji ƙarar guga.

Sai na rubuta abin da ya faru da safiyar washegarin. Amarya ta fito ta naɗe mariƙin bokiti da gefen zane don kada ya yi ƙara. Ta tarar ango ya riga ta, ruwa na kan wuta, kwallinta ya ɓata kafaɗar farar rigarsa. Suka kasa haɗa ido. Daga ɗaki uwar miji ta ƙara muryar rediyo.

Na karanta har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Hannuwa duk sun tsaya a kan gyaɗa.

"Yawwa," in ji Gwaggo, "yanzu munka shiga."

Inna ba ta ɗago ba. Sai ta yi wa Gwaggo magana, a hankali: "Ce mata ango shi kai wa amarya ruwan bayan ɗaki da kainai. Haka anka yi."

A ranar na ƙara wannan layin, kuma da shi babin ya ƙare.