Gwangwanin Allurar Kawu

Ku matso ku ji, ni da ko kasuwa sai an ja ni, ga ni na je Dakoro na dawo. Saƙo aka aiko cewa gyambon ƙafar Kawu ya ci rami, ya kuma rantse ba mai taɓa shi.

Mun tashi daga Maradi da asuba, ni da ƙanena, a motar hiyas da aka cusa mu har da tunkiya. Gero ya yi kai dama da hagu. A Kornaka muka sha fura, farashinta ya hau, ludayin ya ƙanƙance. Daga nan gonaki suka fara ja da baya, sai shanu da raƙuma.

Mun tarar da Kawu kwance a zaure, ƙafar na wari. Shi ne mai wanke kayan aiki a likita, wato asibiti, tun zamanin Nasara. Ya jawo wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin matashi, murfinsa da rubutun Faransanci duk ya kankare. Ciki auduga ce, da ƙananan kwalabe a jere, kowace da gurbinta. Maganin kashe zafi ne, wanda ake tsirawa kafin ɗinki. Gurbi guda babu komai.

Ya ce, "Ɗiyata, taɓa goshinki. Ran da kika faɗi bakin rijiya, da kwalbar gurbin nan aka ɗinke ki, ko uhum ba ki ce ba. Sauran na aje ma kaina."

Majon da muka kira, wato ma'aikacin jinya, ya ɗaga kwalba ɗaya a rana. Ruwan ya koma kalar shayi. A hankali ya ce, "Baba, wannan ya mutu tuni. Akwai sabo can wurinmu."

"Na yanzu ruwa ne," in ji Kawu, ya juya wa bango fuska.

Na zauna kusa da shi, na kama hannunsa na ɗora a kan tabona. Na ce, "Kawu, ni ma ran nan ban san abin da ke cikin kwalbar ba. Kai na yarda da shi."

Sai ya ce a kawo amalanke a kai shi likita. An yi masa sabuwar allura, an kankare gyambon, bai motsa ba. Majo ya ce ƙafar za ta tsira, in Allah ya so.

Na dawo gida da cuku da gwangwanin, domin Kawu ya ce nawa ne. Ashe magani ma yana tsufa kamar masu shi. Ƙanena ya nace a kai shi gidan tarihi a Yamai, jama'a su gani. Ni kuwa kullum sai na buɗe na leƙa gurbin nan nawa. Ku da ku ne, za ku bayar?