Baba Istifanus ya daina kai mini saƙo

Da safen nan ina zaune a kan bencin asibiti, ko shayi ban sha ba, waya ta shigo daga Daura. Baba Istifanus ya rasu.

Lawal ne ya kira ni, ɗan marigayi Alhajin da Baba ya yi haya a gidansa tun muna yara. Ya ce da suka fito daga masallaci ya leƙa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sai ya tarar da 'yar Baba tana kuka a ƙofar ɗaki.

Na ce to. Na sake cewa to. Ya kashe wayar.

Ku da kuke bin shafin nan kun san ni da surutu da tsokana. Yau ku yi haƙuri da ni, ba ni da ko ɗaya.

Yawancinku ba ku san shi ba. Ba fasto ba ne, ba shi da wani muƙami a coci. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Daura.

Mun zo Daura a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya ɓarke ana ta shimfiɗa kwalta ko'ina. Mahaifina direban tifa ne a kamfanin da ke aikin hanya. Mu Hausawa ne Kirista daga wajen Malumfashi, a Daura ba mu da dangi ko na rantsuwa. Ma'aikata sun sha ariyas na ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo, har wanda bai san inda ake sa batir ba. Saboda haka shagon Baba ba ya rabo da mutane.

Ran Lahadi kuma a zauren gidan hayarsa muke taruwa mu yi sujada. Malaman makaranta 'yan kudu, wani ɗan sanda, wata nas, sai mu. Tabarma biyu ta ishe mu.

Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan maganar ba.

Mahaifina bai taɓa kama sunana ba. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta ɗan fari, haka shi ma ya tarar. In yana nemana sai ya ce wa ƙanwata, "Ina wancan?" In na shigo zaure yana ciki, sai ya tuna yana da uzuri a waje, ya tashi. Mahaifiyata ma haka, sai dai ita takan ajiye mini ƙanzo a inda ta san zan gani.

A ƙauye abin da sauƙi. Akwai kaka, akwai baffa, su ke ɗaukar maganarka su kai wa ubanka. A Daura babu kowa. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, sai na liƙe wa Baba Istifanus.

Takalmina ya tsinke, shi zan gaya wa. Ina son tafiya kwalejin horon malamai, shi zan gaya wa. Da yamma ya hau kekensa ya je gidanmu su zauna da mahaifina, kwana biyu in ga sabon takalmi a bakin ƙofa.

Shi ne mutum na farko da na ji yana kiran sunana kamar yana jin daɗin kiran. "Nuhu, miƙo mini filaya." Wani lokaci filayar tana gabansa.

Wata Lahadi ya ce in rufe mana sujada da addu'a. Na miƙe, na rufe ido, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Shiru ya yi tsawo har ɗan sandan nan ya yi gyaran murya ya ce amin, aka watse.

Washegari a shago ya tare ni.

"Me ya kama bakinka jiya?"

"Baba, ai kai ka ce Uba ne."

"Uba ne mana."

"To ina ni ina magana da uba? Ka faɗa masa kawai, yadda kake faɗa wa na gida."

Ya yi dariya har ya ƙona yatsa da ƙarfen dalma. Da ya ga ba wasa nake ba, sai ya ture rediyon da ke gabansa gefe.

Ya ce, "Nuhu, Allah ɗaya ne, amma ba zaman kaɗaici yake yi ba. Uba ne, Ɗa ne, Ruhu Mai Tsarki ne. Kada ka tambaye ni yadda aka yi, ni mai gyaran rediyo ne. Abin da na sani, a wancan gidan babu kunyar ɗan fari. Ranar da aka yi wa Yesu baftisma a kogi, a gaban jama'a Uban ya buɗe baki ya nuna shi, ya faɗi irin son da yake masa, kowa yana ji. Ka taɓa ganin Bahaushen da ya yi haka?"

Na ce ban taɓa ba.

"To Ɗan nan bai zo ya tsaya a ƙofa yana karɓar saƙo ba. Zuwa ya yi ya kama hannunka ya shigar da kai wurin Uban. In ka shiga bakinka ya ƙi buɗuwa, Ruhun yana cikinka, shi zai taya ka. Ka ƙirga su da kyau. Babu gurbin Istifanus a ciki."

Alhaji mai gidan da Baba ke haya yana gefe yana jiran rediyonsa. Ya ce, "Istifanus, wannan lissafin naku dai har yau ban gane shi ba." Baba ya ce, "Ɗaya ne, Alhaji, ɗaya ne." Alhaji ya girgiza kai, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Haka suka zauna har Alhaji ya riga shi, ba wanda ya ja wani, kuma naman layya da shinkafar Kirsimeti ba su taɓa fasa tsallake katangar nan ba.

Na gane maganar Baba sarai. A ka na gane ta. Amma hali zanen dutse.

Wata rana ya ce mini, "Kai da ubanka kun ishe ni. Ka zo ka ce in gaya masa kana son kwaleji, shi ya zo ya ce in tambaye ka ko kana ƙoshi a makaranta. Gida ɗaya kuke kwana, amma tayar kekena ce take cinyewa."

Ranar na san mahaifina yana zuwa shagon yana tambayata. Na koma gida da niyyar in yi masa magana. Ina shiga zaure ya tashi.

Ina kwaleji tifarsa ta kife a hanyar Mai'adua. Ya tafi bai kama sunana ba, ni kuma ban taɓa ce masa abin da ya wuce ina kwana ba.

A bakin kabari Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan ya wuce, ba gyara. Amma Ɗayan yana nan, kuma ba ya tashi in ka shigo."

Na zama malamin makaranta. Na zama dattijon ikilisiya. Na koya wa yara Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki har wasunsu sun zama fastoci. In aka ce in yi addu'a a taro, ina yi har a ce sannu, domin a taro "mu" ake cewa, kuma ɗan fari ya iya ɓuya a bayan ƙannensa in an je gaida uba.

Amma ni kaɗai a ɗaki, in ce wa Allah ga ni, ga abin da ke damuna? Ban taɓa ba.

Sai dai in hau mota zuwa Daura. Da waya ta zo, sai in buga. "Baba, a faɗa masa matata ba lafiya." "Baba, a faɗa masa an hana ni fansho." Ya yi tsaki ya ce, "Kai dai Nuhu," sa'an nan in ji ya fara. Yana magana da Allah kamar yana hira da maƙwabci ta kan katanga. Ni ina riƙe da waya ina cewa amin, ina jin kishi.

Ni ma na haifi nawa ɗan farin. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi masa abin da aka yi mini ba. Ranar suna harshena ya yi nauyi, na ce bari sai ya ɗan tasa. Ya tasa, ya yi aure, ya haifi nasa. Har yau "yaron nan" nake ce masa.

Shi ne kwance a ɗakin da nake zaune a ƙofarsa yanzu.

Ƙoda ce. An yi ta yi masa wankin ƙoda har jikin ya daina karɓa. Likitan ya daina kallon idona in yana magana. Matarsa da ƙanwarsa Rahila su ke shiga, ni ina benci, in sun fito in ce, "Yaya yaron?"

Watan jiya na ga abin ya fi ƙarfin waya, na tafi Daura da ƙafata. Na tarar da Baba a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ido ya tafi, amma ina yin sallama ya ce, "Nuhu." Yadda dai yake faɗa tun ina miƙa masa filaya.

Na gaya masa komai. Na ce, "Baba, wannan karon a faɗa masa da ƙarfi."



Ya ce, "Yaron ina yi masa addu'a kullum, kuma ba zan daina ba. Amma naka saƙon, na kai na ƙarshe."

Na ce, "Baba, yanzu ne za ka yi mini haka?"

"Yanzu ne. Da na yi maka tun kana saurayi, da ban cuce ka ba. Na ga kana jin kunya, na tausaya, na yi ta ɗauka, har ka yi furfura a bakin ƙofa. Na tsufa da aike, Nuhu. Ka je ka kira ɗanka da sunansa, ka kuma kira Ubanka. Dukansu biyu jiranka suke."

Raina ya ɓaci. 'Yarsa ta damo mini fura, na ce na ƙoshi. Ya miƙo hannu yana laluben nawa, na ba shi kan yatsu na zare. Na hau mota ina cewa a raina tsufa ne ya taɓa shi, in ya huce zai kira.

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Ɗazu na sake buga wa Lawal, na ce don Allah ya tambayi 'yarsa ko Baba ya bar mini wata magana. Na ji yana tambayarta. Ya dawo ya ce, "Malam Nuhu, ta ce babu."

Babu. Ya faɗa, ya kuma cika.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yau ban ga gaba ba. Mutumin da nake ji kamar in ya yi magana ana saurare ya tafi, kuma rabuwarmu da kan yatsu aka yi. Gobe za a binne shi, ba zan iya barin bencin nan in je ba. Tun jiya Rahila ta ce yayanta ya daina gane masu shiga. Ko na shiga na kira shi yanzu, ban sani ba ko zai ji. Mahaifina ya tafi ban yi magana ba, Baba ya tafi ina fushi, ga na uku a bayan ƙofar nan, kuma ni ɗin dai ni ne.

Na san karatun duka. Na san Ɗan ya buɗe hanya, na san Ruhun yana taya mara baki. Na koyar da shi fiye da yadda zan iya tunawa. Amma tsoro nake ji. Tsoron kada in shiga gaban Uban in tarar da wurin wayam, ya zama tun can muryar Baba ce kaɗai nake ji.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Babu sauran wanda zan aika. Tunda bakin ya ƙi, bari in fara da yatsa, a gabanku.

Ya Uba, ni ne Nuhu. Ban iya ba, ka dai sani. Ka karɓi bawanka Istifanus, ka hutar da ƙafarsa, ya sha zirga-zirga saboda ni. Ka ce masa furar nan da na ƙi sha tana ci mini rai. Ka ta'azantar da 'yarsa da jikokinsa. Ya Yesu, an ce kai ke kama hannu, ga nawa. Ya Ruhu Mai Tsarki, sauran da na kasa faɗa, ka faɗa. Ɗana ne a ciki, ɗan farina. Kada ka ɗauke shi sai ya ji ni. Amin.

Ku kuma da kuka karanta har nan, Kirista da Musulmi, 'yan Daura da na nesa, ku sa iyalin Baba Istifanus a addu'a. Ku sa ni, don ban san ko ƙafata za ta kai ni bakin gadon nan ba. Zan sa wayar a aljihu yanzu in tura ƙofar.

In za ku roƙa wa mara lafiyan, kada ku ce yaron Malam Nuhu. Ku kama sunansa.

Sunansa Ishaku.