Zuwa Sabon Gari Neman Kunnen Jita

Daga gida zuwa Tsanyawa

Ana kiran assalatu na goya Abba na fito, ko kunu ban tsaya damawa ba. Laraba ce, tsakiyar damina, a shekarun nan da ba a shiga Kano sai da addu'a a baki saboda tashin bama-bamai. Tun da na dawo mata ke tambayata abin da ya kai ni birni ni kaɗai da goyo, har wasu na cewa yaji na yi. To ga yadda aka yi, da ɗan bokon da na samu.

Maigidana makaɗin jita ne, irin mai aiki da lantarki. Yana bin Alhaji Tasi'u mai waƙar biki, kuma da abin da yake samowa muke kai wa kaka. A jikin jitar akwai wani baƙin abu, bai kai sabulun wanka ba, mai maganaɗisu a ciki. Su fikof suke ce masa, ni kuwa kunne, don shi ke jin wayoyin ya kai wa sifika. Na gindi ne ya lalace, wanda ke dab da jakin da wayoyin ke hawa. Da an tada janareto sai jitar ta kama ƙugi kamar an taɓo zuma. Alhaji Tasi'u ya ce ran Asabar akwai biki a Shanono, in ƙugin nan ya sake fita to ya sallame shi, mai fiyano ya riƙa yin muryar jita. Ga maigida babur ya kayar da shi, ƙafa a ɗaure. Zai iya kiɗa a zaune, amma ba zai iya sauka yana takawa a kowane shingen sojoji ba.

Ya ce, "Hambaka za ki ce musu. Mai layi biyu na ƙusoshi. Na gindi, ba na wuya ba." Sai da na maimaita har ya gaji. Ya ba ni mataccen don in nuna, sannan ya karyo tsinken tsintsiya ya auna daga wayar farko zuwa ta ƙarshe, yadda muke auna ƙafar yara in za a sayo takalmin Sallah. Na soke tsinken a ɗankwali. Ƙaninsa ya kai ni bakin titi a keke, muna ratsa gero, raɓa ta jiƙa min zani sharkaf.

Tsanyawa zuwa Bichi

Bas ɗin bai cika ba sai wajen ƙarfe bakwai. An cusa mu hurhuɗu a layi. Kusa da ni wani dattijo mai buhun zogale, ɗaya gefen kuma wata Hajiya mai haƙorin Makka wadda tun da na zauna take kallon jakata. Ni ma na riƙa kallon tata. A lokacin kowa ɓarawo ne ko abin da ya fi ɓarawo, sai an rabu lafiya.

Mun wuce Bichi kaɗan Abba ya fara rigima. Na buɗe jaka zan ɗauko masa ƙuli, sai wayoyin mataccen kunnen suka leƙo, ja da fari. Hajiyar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Direba tsaya! Ke, mene ne wannan?"

"Kayan jita ne, Hajiya."

"Jita? Ke ɗin? Da hijabinki har ƙasa?"

Direba ya gangara gefe ya karɓa, ya juya shi, makullinsa ya manne a jiki, ya yi wuf ya janye hannu. Ya ce, "Baiwar Allah, ni na yarda ba komai ba ne. Amma masu bindigar da ke gaba ba za su tsaya jin tarihin jita ba. Mace, da jaka, da waya? Duk motar nan za a kwantar a kwalta. Ko ki jefar, ko ki sauka."

Na ce ko ya ajiye min a ƙarƙashin kujerarsa. Ya ce shi ma 'ya'ya gare shi. Dattijon ya ce, "Jefar, 'yata, Allah zai musanya." Na lura dai idonsa na bin inda zan jefa, na ce a raina wannan so yake ya dawo ya tsinta. Na taka har cikin gonar mutane na wurga shi tsakiyar dawa, na dawo na zauna. Babu wanda ya sake yi min magana, Hajiyar kuwa ta ɗora jakarta a tsakaninmu.

Dawanau zuwa Kurna

Daga Dawanau shinge ya fara, buhunan yashi da ganguna. A kowanne sai an sauka, a ɗaga hannu sama a taka. Ni hannu ɗaya sama, ɗaya na tallafe da goyo. A na biyu wata mai kaki ta laluba ni har cikin goyon, ta taɓa ɗankwalina, amma tsinke bai dame ta ba. Tafiyar da aka saba yi kafin hantsi ba mu gama ta ba sai bayan azahar.

Na sauka Kurna gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, don an ce kasuwa na tashi da wuri saboda dokar hana fita. Ta ba ni ɗanwake da mai da yaji. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta riƙe haɓa.

"Yanzu saboda garayar Turawa kika ɗauko jinjiri kika ratso sojoji? Shi gogan naki ba ya jin noma ne?"

Na ce, "Gwaggo, gonar tamu ko tabarma uku ba ta fi ba."

Ta ce, "To Sabon Gari dai, ki riƙe zaninki. Za su sayar miki da dutse a kwali ki yi godiya."

Sabon Gari

Da safe na hau a-daidaita-sahu, don an hana acaɓa. Ya sauke ni wajen masu kayan sauti, ya ƙara min naira ashirin a kan abin da muka yi, wai hanya ta canza. Shago biyu na farko da na ce hambaka dariya suka yi. A na uku wani yaro ya miƙo min mai layi ɗaya ya rantse shi ne. Na ce layi biyu aka ce min, na fita.

Na huɗu na wani Ibo ne mai furfura, Oga Emeka, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ce, "Maman yaro, na wuya ko na gindi?" Nan na ɗan ji sanyi, don shi ne na farko da ya tambaya. Ya zubo guda uku. Na zaro tsinkena na ɗora a kan ƙusoshin na farko, tsinken ya zarce. Ya yi dariya har da buga tebur. "Wa ya koya miki? Wannan na wuya ne, ƙusoshinsa sun fi matsuwa. Ajiye shi." Sauran biyun duk suka yi daidai da tsinke.

Ɗaya sabo ne dal a leda, yana walƙiya, da rubutun zinare. Ɗaya na gwanjo ne, an ciro shi daga wata tsohuwar jita, ƙusoshin sun yi tsatsa, gefensa duk wani abu kamar kakin zuma. Kuɗinsu kusan ɗaya. Ya ce in ɗauki tsohon. Na ce a raina, ga dutsen Gwaggo ya iso. Wane mai shago ne zai hana ka sabo in ba so yake ya rabu da juji ba?

Na kira maigida, wayarsa a kashe, na san tana wajen caji. Na ce a gwada min a gabana, kuma da janareto, don a nan ciwon yake. Oga Emeka ya tada, ya ɗaura sabon a wata jitar gwaji, ya haɗa da sifika. Babu ƙugi. Ana cikin haka Abba ya tsala kuka, sai na ji kukan ɗana na fitowa ta cikin sifika! Na ce, "Shi ke nan, wannan nake so. Kunnen da ya ji jinjiri ai ya fi ji."

Ya ce, "Maman yaro, wannan shi ne aibinsa. Kunnen jita waya kaɗai ya kamata ya ji. Wannan ba a jiƙa cikinsa da kaki ba, komai rawa yake." Ya murɗa sauti sama. Abin ya ƙwalla wata ƙara mai tsinin allura, mai lemo a waje ta watsar da tire, maƙwabcinsa ya leƙo yana zagi, wai a wannan zamanin ake tsorata mutane.

Duk da haka ban yarda ba, don na ga hannunsa a kan maɓalli. Da ya ɗaura tsohon na ce ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu, ni zan murɗa. Na murɗa har ƙarshe. Shiru. To amma Abba ya kama nono ya yi lamo, wa ya sani ko shirun na rashin kuka ne? Sai na tuna wurin biki ba kukan yara ne ya fi yawa ba. Na waiga hagu da dama, na sunkuya dab da jitar, na kama hanci na rangaɗa guɗa.

Ko ɗis ba ta fito ta sifika ba. A layin kuwa ta fito, don wata mai abinci ta ɗago murya, "Wa aka aurar a shagon Emeka?" Kunya ta kusa kashe ni. Oga Emeka ya taɓa waya ɗaya da farce, sauti ya fito garau, mai kauri. Na biya, na ce in ya mutu a hanya zan dawo. Ya ce, "Ki dawo da guɗar, mun ji daɗinta."

Komawa

Ya sa min shi a kwalin da ke da hoton jita, ya ce kada in ɓoye, in riƙe a hannu kowa na gani. Haka na yi. A shingen Dawanau wani soja ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ni kuwa ina ta karanto duk abin da na haddace. Sai ya kaɗa yatsu a kan bindigarsa kamar mai kiɗa, ya miƙo min. Har Tsanyawa ban daina jin tsatsar nan a raina ba. Na isa gida ana kiran la'asar.

Maigida ya buɗe kwalin, ya ga tsatsa, ya dube ni, ya tambayi mataccen nasa. Na ce yana cikin dawar wani mutumin Bichi. Sai ya aika aka kira mai gyaran rediyo ya liƙa wayoyin da dalma.

Ran Juma'a bayan masallaci Alhaji Tasi'u ya zo da kansa, da ƙaramin janareto a bayan babur. Ina daga cikin ɗaki ina leƙe ta labule. Aka tada, aka haɗa, aka murɗa. Alhaji ya jira, ya jira, sannan ya ce, "To kunna mana, ina da wajen zuwa."

Maigida ya ce, "A kunne take, Alhaji."

Ya sauke yatsu a kan wayoyin, kajin gidan suka watse. Alhaji ya saurara har aka kai ƙarshen taken, ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce gobe mota za ta zo da wuri, a sa masa kujera a gaba saboda ƙafar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ɗana lafiya. Na gode wa Gwaggo Asabe da ɗanwakenta, da Oga Emeka da na yi wa zaton ɓarawo tun daga sallama har sallama. Mai gonar Bichi kuma, in ka tsinci wani baƙin abu mai wayoyi ran girbi, kada ka tara jama'a. Nawa ne.