Kabarin Likitan Shanu

Ana idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da direba da wani baƙo da yayana ya turo mini daga Jidda, inda suke aiki tare. Dattijo ne, ya doshi sittin, kuma kabarin mahaifinsa ya zo nema. Uban likitan dabbobi ne da aka ɗauko daga Pakistan tun muna yara, ya rasu a ƙasar nan. Iyakar abin da ɗan ya sani ke nan, sai wani tsohon hoto da yake ta ririta shi a aljihu.

Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, don haka tireloli suka sa mu a tsakiya har muka isa. A kara, kasuwar shanu, muka bi tsofaffin dillalai muna nuna hoton. Wani Bafulatani ya ƙura masa ido ya ce, “Kai! Ai Ba'indiye ne mai allurar shanu.” Ya kwatanta mana wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, ya kuma hana mu tafiya sai mun sha fura. Baƙona ya kurɓa sau biyu don kunya, direba ya taimaka masa da sauran ba tare da an roƙe shi ba.

A mota na fassara masa sunan da muka laƙaba wa ubansa. Ya yi murmushi, ya ce su Bihari ake ce musu. Iyayensu Musulmi ne da suka bar Indiya suka koma gabashin Pakistan. Da aka yi yaƙin da ya haifi Bangladesh, sai aka ce duk mai yarensu ɗan goyon bayan sojan Pakistan ne. Uban ya fita da shi sayen magani, kafin su dawo an shiga unguwarsu. Uwarsa da yayyensa biyu a kogi aka zuba gawarsu. Suka yi zaman sansani, daga baya aka kai su Karachi, can ma baƙi ake kiransu. “Duk gidanmu,” in ji shi, “mahaifina kaɗai ne yake da kabari.” Wallahi sai na kama yi wa direba faɗa a kan gudu, alhali bawan Allah rarrafe yake a yashi.

Bayan azahar muka isa ƙauyen. Mai gari ya sa aka kira tsohon da yake haƙa kabari a wancan zamani. Ya tuna sarai. Zazzaɓi ne ya kayar da likita yana tsakiyar yi wa shanu allura, suka yi masa sutura a ranar kamar kowa.

A nan gabana ya faɗi. Baƙona ya ɗauka zai tarar da dutse mai suna, har ya sayo turare. Mu kuwa tudun ƙasa muke yi da ɓarin tukunya, damina kaɗan ta baje su. Muka tsaya a maƙabarta, ba komai sai ciyawa da aduwa.

“Baba, daidai ina ne?” na tambaya.

Tsohon ya nuna tsakanin aduwa biyu da sandarsa. “Nan ne, ɗana, amma ba zan ce maka ga taku ba. Wurin ya cika da namu. Ƙanena ma yana nan, da limamin da ya sallace shi.”

Na yi ta jan ƙafa kafin in fassara, don na zaci baƙona zai ce mun wulaƙanta ubansa. Ya saurara, ya tambaya ko ba a ware shi gefe ba. Tsohon ya ɓata rai. “A ware shi don me? Ba Musulmi ba ne?” Sai baƙon nawa ya durƙusa ya fashe da kuka, mu ma muka kasa daurewa.

Washegari na raka shi ta Gagarawa zuwa Kano, na dawo Gumel jikina a mace. Na tafi ina jin kunyar yadda muke barin kabari ya ɓace, na dawo da abin da ya faɗa mini a tasha: ƙasa uku ubansa ya zauna ana nuna shi da yatsa, a ƙauyen nan ne kawai aka rasa gane wane ne baƙon.